Kufan Blasket: Ƙauyen da Matuƙansa Suka Ƙare

Kwana biyu na yi a Dunkwin ina jiran teku ya ba da hanya. Da safiyar farko na gangara mashigin jirage ta wata siririyar hanyar kankare da ke murɗewa a jikin dutse kamar maciji, na tarar da mai jirgin tsaye, hannuwa cikin aljihu. Ya dubi ruwa, ya dube ni, ya ce yau kam babu tafiya. Ga rana ta fito, ga sama garau, ga tsibirin can ƙuru-ƙuru har ina hango fararen gidaje a jikinsa. Na tambayi dalili. Sai ya nuna mini gindin duwatsun ƙetare, inda ruwa ke tashi fari fat yana zubewa. Ya ce zuwa ba wuya, sauka ce ba za ta yiwu ba. Na koma masauki raina a ɗan ɓace, ina lissafin kuɗin kwanan da ya ƙaru mini. A lokacin ban tuna ba cewa mutanen da na zo ganin kufansu sun sha yin irin wannan jiran da mai naƙuda a ɗaki, sun kuma yi shi da gawa a shimfiɗe.

Ƙasar Ailan tsibiri ce a yamma da Ingila. A kusurwarta ta kudu maso yamma, cikin gundumar Keri, wani zirin ƙasa ya miƙe cikin tekun Atlantika kamar ɗan yatsa, ana kiransa zirin Dingil. Dunkwin, ko Dún Chaoin a bakin masu garin, shi ne ƙauyen da ke kan farcen yatsan. Daga nan sai ruwa, sai wasu tsibirai shida da ake kira Blasket. Babbansu tsawonsa wajen kilomita 6 ne, faɗinsa kuwa wajen kilomita 1, kuma kusan dukkansa doron tudu ne mai gangara zuwa teku ta kowane gefe. A ƙarshensa na gabas kaɗai ƙasa ta ɗan kwanta, a nan aka kafa ƙauyen. Ruwan da ya raba shi da babban yanki mai ƙarfin igiya ne. A cikinsa ɗaya daga jiragen yaƙin Sifen, Santa María de la Rosa, ya nutse a 1588. Mutanen yankin suna da wata magana, wai daga nan unguwa ta gaba Amurka ce. Na ɗauka kurin nisan garinsu suke yi. Ashe zancen dangi ne.

Sunan wata tsohuwa ne ya kai ni wurin. Ina wani kwas a birnin Kork, wata rana muna shan shayi da abokan karatu, sai wani ya ambaci Peig. Nan take duk 'yan ƙasar da suka ɗan manyanta suka yi tsaki suna dariya. Da na nemi bayani aka ce mini littafin rayuwar wata tsohuwa ce ta tsibirin Blasket, shekara da shekaru ana tilasta wa 'yan sakandare karanta shi don jarrabawar fita, ba komai a ciki sai mutuwa da talauci da haƙuri. Na ce a raina, ai irin wannan tsohuwar ce ta rene ni. Na nemi fassarar Turancinsa na karanta, na bi shi da na wasu mutum biyu 'yan tsibirin, kafin hutun watan Yuni ya zo na riga na ƙudura sai na ga wurin da idona.

Washegarin ranar da mai jirgin Dunkwin ya ce babu tafiya, ruwa ya kwanta. Tafiyar ba ta fi ta minti 20 ba. Da muka matso, jirgin bai iya raɓar gaɓa ba, sai aka riƙa sauke mu kaɗan-kaɗan cikin ƙaramin jirgin roba, shi yake kai mutum wani lungu tsakanin duwatsu inda aka zuba ɗan siminti. Iyakar tashar garin ke nan, haka take tun zamanin masu garin. Daga nan sai hawa, har numfashi ya soma sama-sama, sai ka tsinci kanka tsakiyar kangaye.

Gidajen ba a jere suke ba. An tona jikin tudu an cusa ƙeyar kowanne a ciki saboda iska, har ana iya takowa daga hanya a hau rufin wasu. Yawanci yanzu rufin babu, sai bangon duwatsun da aka ɗora da hannu. Na sunkuya na shiga ɗaya. Na auna da ƙafa: taku bakwai a tsaye, huɗu a kwance. Murhun yana nan a jikin bango, dutsensa baƙi ƙirin har yau, wani ganye mai ƙaiƙayi ya tsiro a inda ake ɗora tukunya. A cikin wannan faɗin ne miji da mata da 'ya'ya da tsohuwar gida suke kwana, a zamanin farko ma har da saniya da jaki a ƙarshen ɗakin in sanyi ya tsananta, kaji kuma suna ƙwai a cikin ciyawar rufi. Na daɗe a tsaye. Daga ƙasa, can kan farin yashin bakin teku, wasu dabbobin ruwa masu kama da ayu sun baje da yawa suna kuka, kukan yana hawowa da iska kamar na mata a gidan makoki.

Ko itace ɗaya babu a tsibirin. Makamashinsu wata baƙar laka ce ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake yankowa a kan tudu kamar tubali, a shanya ta bushe, a ɗoro wa jaki, ta ci wuta a hankali tana hayaƙi mai ƙamshi. Kowane gida yana da 'yan kunyoyinsa na dankalin turawa, wanda a kasuwanninmu wasu ke kira Airish, da ɗan hatsin dawakai. Takinsu ciyawar teku ce da mata ke ɗaukowa a baya daga bakin ruwa. Saniya ɗaya ko biyu, tumaki a kan tudu, zomaye, tsuntsayen teku da ƙwansu da ake saukar wa da igiya a jikin dutse. Sauran abinci duk daga ruwa yake.

Shi ya sa wanda bai fahimci kwale-kwalensu ba bai fahimci garin ba. Sunansa naomhóg, ana faɗinsa kamar nebog. Ba sassaƙa shi ake yi daga gungume ba kamar namu na bakin kogi. Tsarga ake haɗawa ta siraran katako kamar haƙarƙari, a lulluɓe ta da zane mai kauri, a shafe da kwalta. Ba ya nutso cikin ruwa sosai, hawa kan raƙuman ruwa yake yi yana sauka. Ba a barinsa a ruwa ya kwana. Maza uku ke kifa shi a kafaɗa su hau da shi tudu, in ka hango su sai ka ce buzuzu ne baƙi mai ƙafa shida. Tuƙa shi kuma sai mutum uku ko huɗu majiya ƙarfi. Da shi ake kamun kifin nan da muke kira titus, da dare, a zuba masa gishiri cikin ganguna a tura Amurka. Da shi ake kama manyan jatan lande a sayar wa jiragen Ingila da Faransa. Da shi ake ƙetarar da saniya a ɗaure zuwa kasuwa, da shi ake kawo amarya, da shi ake ɗauko limamin coci, da shi ake kai gawa.

Domin a garin babu kanti, babu likita, babu coci, babu ɗan sanda. Mutanen Katolika ne. In teku ya yarda ran Lahadi su tuƙa zuwa Dunkwin ibada, in ya ƙi su ja carbinsu a gida. Matattunsu ma a Dunkwin ake binnewa, ban da jarirai da gawawwakin baƙi da ruwa ya turo, waɗanda ke da ɗan filinsu a gefen gari. Suna da sarki, amma ba naɗi ba haraji. Ya fi kusa da mai unguwa. Wanda aka fi sani, Pádraig Ó Catháin, shi ne kuma mai ɗauko wasiƙu daga ƙetare, gidansa ne masaukin baƙi. Da dare a taru a gidan da ake hira, a kewaye murhu, tsofaffi su buɗe bakin tatsuniya, wata sai ta ci dare guda ba ta ƙare ba. Abin da teku ya turo daga fasassun jirage rabo ne na kowa: katako, tagulla, buhunan alkama. Ɗaya daga marubutansu ya ba da labarin yadda akwatunan ganyen shayi suka fara zuwa ta wannan hanya, mutane ba su san amfaninsa ba, mata suka yi rini da shi, aka ba aladu sauran.

Yanzu bari mu dubi ƙidaya, domin a nan labarin yake. A 1841 mutanen Ailan sun haura miliyan 8. Talakawansu, musamman na yamma, dankali kaɗai ke riƙe da su, safe da rana da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, yana ruɓewa a cikin ƙasa, ta kuma maimaita shekara bayan shekara. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, filaye kuma na manyan masu ƙasa ne, talaka haya yake biya. Ana yunwa ana fitar da hatsi da shanu ta tashoshin jiragen ruwa, wanda ya kasa biyan haya a rushe masa ɗaki. Kafin abin ya lafa wajen 1852, kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, fiye da miliyan 1 sun bar ƙasar. Ƙofar da aka buɗe ranar ba ta rufu ba sai bayan shekara ɗari: a 1961 mutanen Jamhuriyar Ailan miliyan 2.8 ne kacal. Yau sun haura miliyan 5, amma ko an haɗa da Ailan ta Arewa, tsibirin Ailan bai koma adadinsa na 1841 ba.

Blasket ma ta ɗanɗana. Daga mutum wajen 150 kafin yunwar, suka koma ƙasa da 100. Sai dai kifi da naman dabbobin ruwa sun rufa musu asiri fiye da maƙwabtansu na tudu, garin ya sake tsirowa. Fitinarsu ta gaba masu karɓar haya ce. Tsibirin mallakar wani basaraken Turawa ne mai sarautar Kork, kuma labari ya tabbata a littattafansu cewa in jirgin masu karɓa ya doso, mata kan taru a saman dutsen tashar su yi ta ruwan duwatsu har ya juya. A 1907 wata hukumar gwamnati mai kula da yankunan matalauta ta saye tsibirin, ta sake raba gonaki, ta gina gidaje biyar masu bene a saman gari. Su ne fararen da na hango daga Dunkwin. Wajen 1916 mutanen garin sun kai kimanin 175. Ba su taɓa wuce haka ba.

Abin da ya biyo baya babu yaƙi a ciki, babu annoba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar kifi ta faɗi, manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suka cika ruwan. Saurayi ya duba ya ga wahalar ubansa ba ta ƙara ciyar da gida. A can Amurka kuwa, a birnin Springfield na jihar Masachuset, akwai masana'antu, akwai kuma wata 'yar uwa da ta riga ta tafi aikatau. Sai ta aiko da kuɗin jirgi. Wanda ya je ya yi shekara biyu ya tara, ya aiko wa ƙanensa. Ƙanen ya aiko wa ƙanwarsa. Babu wanda ya yi niyyar kashe garin. Kowa taimakon ɗan uwansa yake yi. Daren da mutum zai tafi akan kwana ana kiɗa da rawa da kuka, kuma sunan da suka ba wannan taron yana nufin zaman makokin Amurka, domin uwa ta san da wuya ta sake ganin fuskar. A ƙarshe 'yan Blasket da zuriyarsu da ke Springfield suka fi na tsibirin yawa nesa ba kusa ba.

'Yan mata ne suka fi saurin tafiya, kuma ban ga laifinsu ba. Sun ga iyayensu mata suna ɗaukar ciyawar teku a baya, suna haihuwa ba likita, suna tsayuwa a bakin dutse da dare suna jiran kwale-kwalen da wani lokaci ba ya dawowa. 'Yan matan tudu ma suka daina yarda a kai su aure tsibirin. Aure ya tsaya, suna ya tsaya. A 1941 aka rufe makarantar garin, yara shida suka rage a ciki. Daga nan sai lissafin matuƙa. Gari mai kwale-kwale da yawa ya koma yana neman maza huɗu masu ƙarfin tuƙi da ƙyar, yawancinsu kuma furfura ta cika kai. Gona tana iya jiran tsoho ya nome ta a hankali. Teku ba ya jira.

A ƙarshen 1946 wani saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya kwanta da ciwon kai mai tsanani. Sanƙarau ne, cutar da ba sai an yi wa Bahaushe bayaninta ba. Teku ya haukace, wayar da ke haɗa su da tudu ta lalace, ba hanyar kiran likita, ba hanyar kai shi. Ya mutu a farkon 1947 a gaban iyalinsa suna kallon fitilun Dunkwin. Gawar ta yi kwanaki a gida ana jiran a sami hanyar kawo akwati. Wannan mutuwar ce ta karya zuciyar garin. A watan Afrilu na shekarar, bayan wata doguwar guguwa, suka buga wa shugaban gwamnati Éamon de Valera tangaraho cewa ruwa ya tsare su, abinci ya ƙare. Aka aika da abinci. A watan Yuli shi da kansa ya zo, ya ji kokensu: a fitar da su. Sai da aka ƙara shekara shida ana rubuce-rubuce a ofisoshi. Ran 17 ga Nuwamba 1953 aka yi kwashewar a hukumance. Mutum 22 suka rage, yaro ɗaya tak a cikinsu. Aka ba su gidaje da 'yan filaye a Dunkwin, inda tsofaffin kan fito ƙofar gida su zauna suna kallon garinsu a ƙetaren ruwa.

A nan ne raina ke sosuwa. Ailan ta sami mulkin kanta a 1922, kuma sabuwar gwamnatin ta ɗauki farfaɗo da harshen Airish a matsayin babban aikinta, domin Turanci ya riga ya cinye yawancin ƙasar. Blasket kuwa tana cikin 'yan wuraren da harshen ya rage da ransa, yara suna tashi da shi, tsofaffi da yawa ba sa jin Turanci. Aka yi ta yabon mutanen a jawabai, aka sa littattafansu a makarantu. Amma shekara talatin ba a gina musu tashar da jirgi zai iya tsayawa ba. An ƙaunaci bakinsu fiye da yadda aka ƙaunaci su kansu.

Yadda littattafan suka samu kuwa abin a tsaya a kai ne. Tun farkon ƙarni na 20 masanan harshe suka soma zuwa tsibirin koyon Airish daga tushe. Carl Marstrander ya zo daga Norwe a 1907. Robin Flower na Gidan Tarihin Birtaniya ya fara zuwa a 1910, ya yi ta dawowa har mutanen suka laƙaba masa Bláithín, wato ɗan fure. Malaminsu wani masunci ne, manomi, magini, Tomás Ó Criomhthain, wanda bai iya rubuta harshensa ba sai da ya kai shekara arba'in ko kusa. Wani baƙo, Brian Ó Ceallaigh, ya karanta masa labaran marubucin Rasha Maxim Gorky don ya nuna masa cewa rayuwar talaka ma abin rubutawa ce. Tomás ya riƙa cika takardu da dare a gefen fitila yana aikawa ta gidan waya. Daga cikinsu aka fitar da An tOileánach, wato Ɗan Tsibiri, a 1929. Mutum ne da ya binne matarsa da 'ya'yansa da dama: wani ya faɗo daga dutse, wani ruwa ya ci shi a 1909 yana ƙoƙarin ceton wata baƙuwa. Yana ba da labarin kowace mutuwa a jimla biyu ko uku, ya wuce zuwa zancen kamun kifi. Wasu masu karatu sun ce taurin zuciya ne. Ni na gane shi sarai. Haka dattawanmu ke yi, a ce sai haƙuri, a ɗauki fartanya.

Muiris Ó Súilleabháin matashi ne, shi kuma George Thomson, masanin harshen Girka daga Kambirij, ya zuga shi. Littafinsa na ƙuruciya, mai cike da dariya da farautar tsuntsaye, ya fito a 1933, lokacin shi kansa ya riga ya bar tsibirin ya shiga aikin ɗan sanda. Ita kuwa Peig Sayers, haifaffiyar Dunkwin ce a 1873, aure ya kai ta tsibirin a 1892. Ta so zuwa Amurka, ƙawar da ta yi alkawarin aiko mata da kuɗin jirgi ba ta samu ta aiko ba. Ba ta iya rubuta Airish ba, sai ta riƙa faɗa ɗanta yana rubutawa, littafin ya fito a 1936. Masu tattara adabin baka sun ɗauki ɗaruruwan tatsuniyoyi da labarai daga bakinta. Waɗanda suka san ta sun ce mace ce mai barkwanci da son hira da taba, ba mai kukan nan da 'yan makaranta suka tsana ba. Ta rasu a asibitin Dingil a 1958, kabarinta yana Dunkwin yana duban tsibirin.

Shekarar 1933 ɗin nan ta tsaya mini a rai. A shekarar ce Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Can da nan, baƙo ne ɗan boko ya ce wa masu harshe su rubuta da nasu. Bambancin shi ne mu malamai aka nema, ƙagaggun labarai kuma aka ce su kawo. Su masunta ne da matan aure, rayuwarsu suka zuba a takarda. Mafi kusa da Peig a wurinmu ita ce Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, shi kuwa da Turanci ya fara fitowa, a 1954. Ƙauyen da bai taɓa kai mutum 200 ba ya bar littattafai masu yawa da harshensa, har za ka iya sanin wa ya zauna a wane ɗaki, wa ya gina wane bango. Mu da muke miliyoyi, kakata ta tafi da duk abin da ta sani game da yunwar da ta gani da ƙuruciya, da sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, ban rubuta ko layi ɗaya ba alhali ina zaune kusa da ita da biro a aljihu.

Na yi azahar a kan ciyawa a saman gari, na fuskanci babban yanki, tumaki suna kiwo a gefena. Da na sallame na zauna ina tunanin ƙauyenmu. A da ci-rani tafiyar rani ce, ruwan farko na sauka kowa ya dawo ya kama gona. Yanzu na san gidajen da samarinsu suka tafi Legas da Abuja da Agadas shekara biyar ba su ga damina a gida ba, kuɗi suke turowa ta waya, tsoho ya ɗauki 'yan ƙwadago in ya samu. Ba na cewa ƙauyenmu zai zama kufai. Haihuwa tana da yawa, ƙasa ce kuma ba tsibiri ba. Amma na san yadda ake neman majiya ƙarfi huɗu a rasa, ranar da za a ɗauki mara lafiya zuwa bakin titi.

Dunkwin ta kusa bin sahun maƙwabciyarta. A 1970 gwamnati ta rufe makarantar firamaren ƙauyen, wai yara sun yi kaɗan, a riƙa kai su wani gari a mota. Mutanen da suka ga abin da rufe makaranta ya yi wa Blasket, wasunsu ma 'yan tsibirin ne da aka kwaso, suka ce ba su yarda ba. Suka ci gaba da buɗe ta da kansu, da malaman sa-kai da kuɗin karo-karo, suka yi tattaki har Dablin. A 1973 gwamnati ta janye, aka mayar da makarantar. Tana nan har yau, da Airish ake koyarwa.

Ƙauyen yanzu baƙi ke riƙe da shi. Tun da aka ɗauki fim ɗin Ryan's Daughter a wurin, wanda ya fito a 1970, masu yawon buɗe ido suka gano hanya. A farkon shekarun 1990 aka buɗe cibiyar tarihin Blasket, dogon gini mai taga a ƙarshensa tana kallon tsibirin, a 2009 kuma gwamnati ta saye mafi yawan filayen tsibirin. An gyara gidan da Tomás ya gina da hannunsa. Da bazara akan ɗauki mutum biyu su kula da masaukin baƙi da ɗan shagon shayi a can, ba lantarki ba ruwan zafi. Da aka tallata aikin a 2020, dubun-dubatar mutane daga ko'ina a duniya suka nema. Wurin da masu shi suka roƙi a fitar da su, yau ana rububin zuwa. Sai dai masu rububin wata shida suke yi, kafin guguwar hunturu su tattara su fito. A Dunkwin ɗin ma gidaje da yawa na hutu ne, masu su suna birni, da sanyi tagoginsu duhu. Matashin garin da ke son ya yi aure ya zauna yakan rasa gidan da zai iya saya. A duk faɗin jamhuriyar, ƙidayar 2022 ta nuna mutum wajen 72,000 ne ke magana da Airish kullum a wajen aji.

Mai jirgin ya kira mu tun kafin lokacin da ya ɗiba, ya ce iska ta juya, ruwa zai tashi. Muka gangaro da sauri, ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya kafin ya tayar da inji. A hanyar dawowa jirgin ya yi ta dukan ruwa, feshi yana jiƙa mu, ba mai magana.

Na ƙara kwana ɗaya. Da hantsi na bi ta gaban makarantar, ƙaramin gini a gefen hanya, daidai lokacin da aka fito tara. Yaran ba su da yawa, ido ɗaya ya ɗauke su duka. Suna buga ƙwallo suna ihu, ban ji kalma ɗaya da na sani ba. Wani dattijo da ke jingine da katanga, sanda a hannu, ya ɗaga mini kai ya ce Dia dhuit. An riga an koya mini cewa ma'anarta Allah ya kasance tare da kai. Na amsa gwargwadon yadda harshena ya iya, ya gyara mini furucin sau biyu, sannan ya tambaye ni ko na samu na ƙetara jiya. Na ce na samu. Ya juya ya dubi ruwan, ya ce yau da ban samu ba.